Harafi Biyu da Ɗigo

Labhu-masi yayar mahaifiyata ce, masi muke kiran 'yar'uwar uwa, kuma a garinmu Wadhwan da wuya ka sami gidan da ba ta riƙe da sunayen mutanensa a durowa. Ba a takarda take riƙe da su ba, a jikin roba ne. Duk wanda aka ɗaura wa aure a unguwanninmu, ko aka sa shi cikin masu gayyata, ta sassaƙa sunansa a ɗan yankin roba, a baibai, ta manna a guntun katako ta ajiye. Ranar da bikin ɗanka ya tashi sai ta ciro ka ta dangwala ka a jar tawada. Ranar da ka mutu ta ciro ka ta dangwala ka a baƙa, ta buga takardar sanarwa, sannan ta raba robar biyu da aska.

Asali sana'ar mijinta ce. Pranlal yana yi wa ofisoshi da masu shaguna hatimi a wani ɗan shago kusa da ƙofar gari. Ita kuma tana gida tana yanka takarda, tana yi wa maƙwabta katin gaisuwar bikin Diwali don nishaɗi. Da ya rasu tana da shekara arba'in da ɗaya, ba ɗa ba jika, sai ta kwaso asakensa da ragowar robarsa ta kawo ɗakinta na bakin titi, ta haɗa aikin biyu ya zama ɗaya. Ba wanda ya koya mata. Shekara ashirin ta yi tana kai masa abincin rana tana tsayawa a bayansa, har idonta ya fi sabawa da rubutu a juye. Na sha ganin ta ɗaga jarida a hasken taga tana karantawa ta bayan takardar, wai haka ya fi mata sauri.

Da farko wasu gidaje sun ƙi kawo mata kankotri, katin gayyatar aure, don ba a son hannun wadda mijinta ya mutu a kan abin biki. Amsa ɗaya take ba kowa: "Ni ban rubuta komai ba. Roba ce ta rubuta, ita kuwa ba ta taɓa aure ba." Aka yi dariya, aka kawo.

Katinta bai yi kama da na inji ba. Takardar auduga take saye mai kauri, ta yanka a kan gilashi da reza, ta ninke da wani ƙashi mai santsi da ya yi launin shayi don tsufa. A gefen katin ta jera ganyen mangwaro da ɗawisu da tulu, kowanne da hatiminsa, bugu bayan bugu, ba ta awo amma ba ka ganin inda layi ya karkace. A tsakiya ta manna ƙyalle daga tsohon zanen uwar amarya, da ɗan madubi kamar ƙwayar wake. Mannen ma ita ke dafawa, garin ƙwallon tsamiya da kanumfari, don kada ƙwaro ya ci. Har yau in na ji ƙamshin kanumfari ba abinci nake tunawa ba.

Jar tawada tana ɗakin bakin titi, inda rana ke shiga da safe. Baƙar tana tsakar gida, ƙarƙashin matakala, cikin gwangwani mai murfi. A can take yin takardar mutuwa, a tsugune, ba ado ko ɗaya, ta yage kusurwa guda kamar yadda aka saba, don wanda aka kai wa ya gane tun daga bakin ƙofa kada ya shiga da ita ɗaki. Tana gamawa ta yi wanka. Hatimin da ya taɓa baƙa ba ya komawa ja.

Guda ɗaya ne kawai ke zuwa can ya dawo nan. Ƙarami ne, bai kai farcen ɗan yatsa ba, kuma shi ne na ƙarshe da Pranlal ya sassaƙa. Harafi biyu da ɗigo a rubutunmu: Swa., wato marigayi. Ana buƙatarsa a takardar mutuwa, ana buƙatarsa a kankotri, domin mukan jera sunayen manyan gida duka, rayayyu da matattu, a sa wa matattun alamarsu a gaba. Sunan mamaci kuwa, in an raba robarsa, sabuwa take sassaƙa masa don kankotri. Matar da mijinta ya rasu ita ma akan sa mata shi, amma da ƙarin harafi ɗaya kafinsa, Gan. Swa., wato mai tsarki kamar kogin Ganga. Wannan girmamawa ce ba mutuwa ba, sai dai harafan iri ɗaya ne, don haka Masi ba ta ga dalilin sassaƙa wani ba. Shi ɗin take bugawa, ta ƙara ɗan Gan. a gabansa. Tsakanin ɗaki da ɗaki tana wanke shi da madara.

Sai kundi. Babban littafi ne mai bangon jan yadi, lokacin da na yi wayo ta kai na bakwai. Duk kankotrin da ta yi, na farkonsa yakan dawo hannunta bayan biki, ta manna shi a shafin dama. Shafin hagu ta bar shi fari. Nan takardun mutuwar ango da amarya za su zauna, ko bayan shekara hamsin ne. Muna yara mukan buɗe mu nemi iyayenmu, mu saci kallon hagu, mu rufe da sauri.

Na tafi Leeds ina da shekara goma sha tara, na yi bakwai ina karatun kimiyyar rini, na dawo da sanyin 1998 don bikin ƙanwata Jigna. Na dawo da wata ɗabi'a: abubuwan gida da na tashi ina gani ba tare da tambaya ba, yanzu kowanne ina son in san dalilinsa. Ranar da na je gaishe ta, ban gama shan shayi ba na tambaye ta abin da ke cikin jar tawadarta.

"Baturiya ta dawo da tambayoyi," in ji ta. "Shekara bakwai a can, ba su gaya miki yadda ake yin ja ba?"

"Sun gaya mini nasu, Masi. Naki nake so."

"Nawa ba ya son a faɗe shi. Miƙo mini almakashi."

Almakashin yana nan kusa da gwiwarta. Sai a lokacin na dubi idanunta da kyau. Yanar ido ta rufe na hagu ruf, na dama ma ta fara ci. Hannu take aikawa cikin durowa, yatsanta ya shafa fuskar robar ya karanta mata sunan.

Akwai wata magana a kan ƙaramin hatimin nan. Kowa a gari ya san ta, ba mai yin ta a gaban Masi. Sau biyu ya taɓa sauka a gaban sunan mai rai. Na farko wani Vrajlal ne, ɗan kasuwa a Mombasa, kawun wata amarya. Dangi suka dawo da katin suna faɗa, tana ba su haƙuri, suna cikin haka talgiram ya iso cewa an same shi a shagonsa da safen nan ya cika. Ta biyu Vasantben ce, matar wani malamin makaranta, mace mai ƙarfi da ke ɗaukar tulu biyu a ka. Ita sati uku ta yi ta rasu.

Na auna abin a raina. Shekara talatin da uku, sunaye dubbai, kuskure biyu, mutane kuwa kullum mutuwa suke yi. Haka na faɗa wa mahaifina a wurin cin abinci.

Mahaifin nawa Hasmukhlal, da muke kira Bapuji, ya yi ritaya daga shugabancin tashar jirgin ƙasa shekara ɗaya kafin nan, lafiyarsa lau, aikinsa tsokanar mutane. Shi ne ma ke kawo wa Masi guntayen roba daga rumfar gyaran jirage tun tana sabuwar takaba. Motiben yake kiranta, wato babbar yaya. Ya ce, "Ni dai na gaya wa Motiben, in za ta kashe ni ta bari sai an ci abincin bikin. Ba zan yi wahalar neman masu girki wani ya cinye ba."

"Ka daina," in ji mahaifiyata, Tara. Ba ta yi dariya ba.

Maharaj, malamin addinin da ke duba mana ranaku, ya sa ranar Alhamis, ƙarfe tara da minti arba'in na safe, don buga kankotri na farko. Shi na farkon ba na mutane ba ne. Ganesh, abin bautarmu mai buɗe hanya, ake gayyata da shi, a ɗaure shi da jan zare a ajiye a kusurwar ibada ta gida har a gama biki. Muka je mu uku, ni da iyayena. Masi ta share ɗaki, ta kunna turare, ta jera hatiman da za ta yi aiki da su a kan faranti.

"Motiben, sunana da girma za ki buga shi," in ji Bapuji tun daga ƙofa. "Ni ne uban amarya."

"Sarkin tasha, shekara talatin jirgi bai taɓa zuwa kan lokaci a hannunka ba, yau ma ka makara minti biyar. Zauna."

"Jirgin ne ke makara. Ni kullum ina kan dandamali."

"Tara, sa masa mazarƙwaila a baki mu ji da aiki."

Ta buga Ganesh a sama, ta barbaɗa jan gari da shinkafa, ta buga sunan Jigna da na angonta. Aka ci mazarƙwaila. Bapuji ya dubi agogo ya ce masu girki suna jiransa, mahaifiyata ta bi shi don kada ya amince da duk abin da suka ce. Aka bar ni in karanta wa Masi jerin sunayen manya.

Ta fara buga sunayen duka a jere daga sama zuwa ƙasa: kakana, kakata, Harsukhlal yayan Bapuji da ya rasu shekara tara da suka wuce, sai Hasmukhlal a ƙarƙashinsa. Sannan ta ɗauki ƙaramin hatimin ta koma sama. Na kira sunan kakana, ta buga. Na kira na kakata, ta buga.

"Harsukhlal," na ce.

Ina kallon hannunta. Ya tsaya daidai layin, ba shakka a wannan. Sai ya sauko layi ɗaya, a hankali, ba rawa ba gaggawa, kamar hannun da wani ya gyara wa zama, ya danna. Shekara ashirin ke nan ina juya wannan lokacin a raina. Layukan a matse suke, sunayen biyu harafi ɗaya ya raba su, matar ba ta gani. Duk na sani. Amma abin da na gani ke nan.

Shiruna ne ya gaya mata.

"Wa ya samu?"

"Masi, kuskure ne kawai, layin ne ya..."

"Dharini. Wa ya samu?"

"Bapuji."

Ta ajiye hatimin a faranti, ta goge yatsunta a gefen zaninta ɗaya bayan ɗaya. A waje mai kayan miya yana wucewa yana kiran farashin gauta.

"A kawo wata takarda mu sake," na ce. "Wannan mu yaga ta."

"Takardar me ake yagawa a garin nan?"

Na tuna takardar mutuwa.

"To mu ƙona," na ce.

"Me ake ƙonawa in ba gawa ba? In kin ce a jefa a kogi kuma in tambaye ki me ake zubawa a kogi in ba tokarta ba. An riga an gayyaci Ganesh da ita, a kan sa'a. Wannan ita ce."

"Sai mu rufe alamar. Ki manna fure a kai."

"Ko na rufe shi yana nan a ƙasa yana kallon sunan ubanki."

"Ki rufe sunan, to. Ki manna na Harsukhlal a wurin, dama nasa ne."

Ta juyo da idonta mai ɗan gani ta dube ni. "Kina tsammani ban taɓa tunanin haka ba? Da na Vasantben abin da na yi ke nan. Na ɗora sunan uwar mijinta da ta daɗe da mutuwa, na yi aikin da ko malamin bai gane ba. Sati uku. Hatimin nan ba ya son wayo, kuma ba ya karɓar wanda aka riga aka ba shi."

"Masi, roba ce."

"Roba ce," ta amsa. "Buɗe durowar ƙasa, can ƙurya ta hagu. Akwai wani a naɗe cikin farin ƙyalle."

Na ciro, na kwance. Ban iya karatun baibai kamarta ba, sai da na bi harafan da yatsa. Labhuben Pranlal. Sunanta ne. Na ce mata ba zan miƙa ba.

"Zauna ki ji. Shekara talatin da uku yana tsaye a gaban sunana a kowane kati na danginmu. Harafi ɗaya ne tsakaninmu. Mun san juna. Tara ba ta iya zaman takaba ba, ko fitila ba ta iya kunnawa sai ubanki ya riƙe mata ashana. Ni na iya, har na gaji da iyawa. Jigna kuma ba za a ɗage mata biki a sa ta farin zanen makoki ba."

"Sunan Bapuji zai kasance a ƙarƙashi ai."

"Ba ya karanta na ƙasa. Abin da ke gabansa yake gani, shi ma da kyar, kamar ni. Miƙo."

Ban yarda da ko ɗaya cikin wannan ba. Na gaya wa kaina tsohuwa ce ta tsorata, in manna takarda zai kwantar mata da hankali, ba wanda ya cutu. Na miƙa.

Ban taɓa ganin aiki irin na wannan safiyar ba. Ta lalubo ragowar falle ɗin da aka yanki katin daga jikinsa, ta shafa ta ji inda zaren takardar ya dosa, ta yanki siririn yanki daidai tsawon sunan. Ta buga sunanta a kai, ta bari ya sha iska. Ta kifa shi a kan gilashi ta dinga kankare gefunansa ta baya da reza, kaɗan kaɗan, har suka yi kamar ɓawon albasa. Idonta a rufe take yi, tun da ba shi da amfani. Ta lakaci manne da kan allura ta shafa, ta sa na riƙe mata yatsa na kai shi farkon layin, ta ɗora, ta bi da ƙashin nan sau uku. Ta ɗora dutsen guga mai sanyi a kai. Da ta ɗaga, na kai katin taga na karkata shi a haske, da kyar na gano bakin facin. Swa. Labhuben Pranlal. Sunan Bapuji ta sake buga shi can ƙasa, wurin mai gayyata. Alamar Harsukhlal ni ta sa na buga.

Ina tsaye a tagar dabara ta zo mini, har na ji sanyi a raina.

"Masi, akwai fili a gefe. Mu ƙara Gan. a gaba. Shi ke nan ya zama sunanki yadda ake rubuta shi kullum, ba wanda ya mutu."

"Na gaya miki ba ya son wayo. In kin hana shi na sama, zai tona ya nemi na ƙasa." Ta ninke katin ta ɗaure da jan zare. "Kai gida. Sauran ɗari da arba'in ɗin ke za ki riƙe ƙaramin, ni na gama da shi."

Ta shiga wanke hannu. Ɗan hatimin Gan. yana kan faranti. Na ɗauka, na dangwali auduga a jar tawada, na ƙulle su a gefen gyalena.

Da na isa gida ba kowa, rana tsaka, titi shiru. Na zauna gaban kusurwar ibada na kwance zaren na buɗe katin a kan cinyata. Bugu ɗaya ne. Ni ba na tsoron roba. In ban yarda da maganar ba, buga shi ba zai cuci Bapuji ba, kuma zai cire wa sunan Masi abin da bai kamata ya zauna a gabansa ba. Haka na tsara wa kaina, tsaf, kamar amsar jarrabawa. Na riƙe hatimin a saman gefen takardar. Takalman Bapuji na zaman gida suna bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya yadda ya saba cire su. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallonsu ba. Tawadar ta bushe a audugar. Na mayar da zaren na ɗaure, na ajiye katin gaban Ganesh.

Washegari ina shiga ɗakinta ta ce, "Farantina ya rasa ɗan abu ɗaya."

Na sa mata shi a tafin hannu. Ta shafa fuskarsa da babban yatsa, ta kai hanci ta sansana.

"Ba ki buga ba."

"Ban buga ba."

"To, karatun bai lalata ki ba. Ɗauko takarda, aiki na jiranmu."

An yi biki lafiya. Masi ta zo da farin zaninta ta zauna can baya inda ta saba, ta ci abinci har da ƙari, ta gaya wa Bapuji cewa miyar ta yi gishiri don shi ya zaɓi masu girkin. Bayan kwana goma na kai mata katin, ta manna shi a shafin dama na kundi na tara, a ninke, yadda ba mai buɗewa sai da gangan. Daga ranar ba ta ƙara taɓa jar tawada ba. Masu kawo kankotri ta ce musu ido ya ƙare, kuma gaskiya ne. Takan zauna a taga da kundi a cinya tana shafa shafuka, wani lokaci ta kira sunan wanda yatsanta ya taɓa kamar tana gaishe shi.

Sati uku suka wuce, na ƙirga su. Wata uku suka wuce, na daina ƙirgawa, har na fara jin kunyar kaina. Ta rasu a wata na takwas, tsakiyar damina, da hantsi, bayan ta sha shayi ta wanke kofin ta kife. Likita ya ce zuciya ce. Shekararta saba'in da huɗu, ba abin mamaki a ciki, kuma na faɗa wa duk wanda ya so ya ja wata magana.

Ni na yi takardar mutuwarta, a tsugune ƙarƙashin matakala. Na karanta sunan sau uku kafin in danna ƙaramin hatimin. Na yage kusurwa. Sannan na ɗauki askar Pranlal na raba robar sunanta biyu, domin haka ake yi, kuma ban tsaya tunani ba. Bapuji ya yi kuka fiye da kowa. Ya ce yanzu wa zai dinga gaya masa ya makara.

Kundayen tara suna wurina. Ban gaji sana'ar ba. Ina aiki a masana'antar rini, mutanen gari kuma sun koma wa inji tuntuni. A damina ta biyu bayan rasuwarta na buɗe kundi na tara don in ga ko danshi ya shiga. Ya shiga. Kusurwar facin ta hagu, wadda ke kusa da ɗigon, ta ɗaga kaɗan, har ana hango lanƙwasar harafin farko na sunan da ke ƙasa. Na san dalili: mannen tsamiya yana shan laima ya saki, duk mai aikin takarda ya sani. Na tashi na daka ƙwallon tsamiya na dafa da kanumfari, na lakata da kan allura, na bi da ƙashin sau uku.

Tun daga nan kowace shekara nake yi, kafin ruwan farko. Mahaifiyata ba ta sani ba, Jigna ba ta sani ba. Bapuji yana da shekara tamanin da biyu yanzu, a gidana yake zaune, yana aika jikoki su sayo masa ganthiya, soyayyen abin ƙwalam, a ɓoye ya ci a bayan ƙofa. Bana ina tsaye a kan tukunyar ya leƙo kicin yana jan hanci.

"Me ake dafawa da kanumfari ba a kira ni ba?"

"Manne ne, Bapuji."

"Har yanzu aikin Motiben bai ƙare ba? Matar nan ko a can ba za ta bar mutum ya huta ba."

"Je ka zauna, zan kawo maka shayi."

Ya tafi yana jan takalmansa. Na ɗauki tukunyar na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Gefen da ta kankare ya yi laushi ƙwarai, shekara ashirin na manne sun cinye shi. Da na ɗora ƙashin, wani ɗan ɓarɓashi kamar ƙwayar shinkafa ya ɓalle daga kusurwar ya manne a yatsana. Ragowar fallen yana nan cikin durowa, reza tana nan, hannuna ma ya koyi abin da zai iya koya. Sai dai sabon faci yana buƙatar sunanta, robar kuwa ni na raba ta biyu, sassaƙa kuma ban iya ba. Na mayar da ɓarɓashin wurinsa da kan allura, na riƙe shi da yatsa har ya kama.